Takardun da na ƙona a murhun ƙosai

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin wuni lafiya. Allah ya tsare min ke a wagga tafiya ta ranar Alhamis. Ya tsare ki cikin mota, ya tsare ki cikin jirgin sama da ban taɓa ganin cikinsa ba, ya sauke ki hannun mutanen kirki a waccan ƙasa mai sanyi. Amin.

Kin ga na rubuta sunanki. Bakina bai taɓa faɗinsa ba tun ranar suna, shekara ashirin da biyar ke nan, amma biro ba ya jin kunya. Ki yi haƙuri da rubutun. Ajin manya na Maruda kaɗai na yi, shi ma damina ta raba mu da shi. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki.

Za ki dawo daga wajen tela ki tarar ba ni nan, murhu ba wuta. Kada hankalinki ya tashi, na tafi Maruda. Na bar maki wagga takarda bisa jakarki, na danne ta da gwangwanin yaji don kada iska ta ɗauke. Akwai maganar da ba ni iya faɗi ina kallon idonki, kuma ba ni iya barin ki haye ruwa ba ki ji ta ba.

Takardunki da sunka ɓata bara waccan, na aikin wata bakwai, waɗanda kinka ce ƙawarki Rahila ta sace. Ba ita ba ce. Ni ce. Ni na ƙona su a murhun ƙosai, da hannuna.

Zauna tukuna. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yi fushin da za ki yi.

Kin san Inna, uwata, ita ce ta raine ki. Ke ce ta fari, kuma a gidanmu uwa ba ta riƙon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi. Aka yaye ki aka miƙa wa Inna, kinka tashi kina ce min Adda, awa yayarki. Ni kuma in zan kira ki sai in ce ke, ko in yi tari. Ban taɓa ganin laifin haka ba, don haka na tarar. Da Inna ta rasu, ga babanki ya riga ta, ga ki za ki shiga karatu na biyu a jami'a, sai na tattara kaskona da ludayina na biyo ki Kalgo munka kama ɗaki kusa da ƙofar makaranta. Ranar nan ce na fara kwana ɗaki guda da ke tun kina shan nono. Baƙuwa nike a garin, baƙuwa nike a gare ki. Ban san irin tuwon da kike so ba. Ban san kina magana cikin barci ba. 'Yan makarantarku na zuwa sayen ƙosai suna ce min, "Adda, wai da gaske ke kinka haifi Balki, ko dai tsokana ce?" In yi dariya in sunkuyar da kai, alhali ni kaina wani lokaci in na dube ki da jakar littattafai sai in ji awa ɗiyar wani ce anka ba ni ajiya.

To ana nan sai kinka canja. Kinka daina cin abinci sai na matsa. In zuba maki kunu ya huce, ya yi fata, ƙuda ya faɗa. Na ga kin zauna tsakar gida da tsinken tsintsiya kina zana layi-layi a ƙasa, tsaye da kwance, ki zagaye su da ƙaton da'ira, ki share da ƙafa, ki sake. Wata rana na ga kin zuba gishiri a tafin hannu kina kallonsa har na gama soya kasko biyu. Wata la'asar kuma kinka fashe da dariya ke kaɗai, kinka ce, "A sama babu giɓi." Na duba sama, ban ga komi ba sai shirwa.

Abin da ya kamata in yi ƙarami ne. In ce, ke, mene ne wanga? Kalma huɗu. Na buɗe baki ya fi sau goma, kunya ta rufe min shi. Sai in ce, "A ci abinci dai," in juya baya. Wannan shi ne farkon ɓarnata, duk sauran daga nan sunka fito. Saboda haka ki ji: can inda za ki, ba wanda ya san ki, ba wanda kinka sani. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambayi mai abin, shi da kansa, tun abin na ƙarami. Kuma in Allah ya ba ki ɗiya, ki kira ta da sunanta, ki zaunar da ita ki ce mene ne ke damun ki. In tsofaffi sun yi maki gori, ki ce ni na sa ki.

Ranar wata Talata kin tafi aji, ina shara, na ɗaga katifarki na tarar da su cikin leda. Takardu tuli, sun kai kaurin bulo. Na buɗe. Gida-gida ne anka zana, murabba'i cikin murabba'i, kowane gida da harafi a ciki. Ba boko ba ne, don na san boko. Ba ajami ba ne, don na yi allo. Akwai wani harafi awa sawun kaza, yana ko'ina. Akwai wani dogo awa maciji ya miƙe tsaye. Akwai takwas da anka kwantar. Wasu wuraren da jan biro, jawur. Ga kuma sunanki a saman kowace takarda, shi kaɗai na iya karantawa. Ke kin san abin da ke da gida-gida da haruffa da sunan mutum a sama, a ƙarƙashin shimfiɗa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu hatimi zai ce. Na ce shi ke nan, an yi wa yarinya asiri don an ga tana gaba.

Na zari guda uku na ɓoye a zane, na shiga mota sai Gwandu wajen Kawu Malam, ƙanen Inna, wanda ya yi maki huɗuba. Na same shi a zaure. Ya sa tabarau, ya juya takarda sama, ya juya ta ƙasa, ya daɗe.

Ya ce, "Hajaru, ban san wannan ba."

Na ce, "Kawu, ba hatimi ba ne?"

Ya ce, "Shekara hamsin ina ganin hatimi, na kirki da na banza, ban taɓa ganin mai sawun kaza ba. Ina mai takardar? Ta mutu?"

Na ce tana nan lafiya.

Ya ce, "To kin baro mai amsa a Kalgo kin biya kuɗin mota kin zo wajen tsoho mai ido ɗaya da rabi. Koma ki tambaye ta."

Na fito ina jin haushinsa. A raina na ce tsufa ya cinye karatun Kawu. A tasha na haɗu da wata da muke sayen wake tare, na ba ta labari, ta ce akwai wata mata a Dalijan, ita ba a kai mata abu ta ce ba ta sani ba. Kuma gaskiya ne. Ko zama ban gama yi ba matar nan ta kalli takarda ta ja da baya tana salati. Ta ce wannan na raba mutum da hankalinsa ne. Na ce amma awa rubutun hannunta ne. Ta ce ai shi ya fi muni, wanda anka sa mutum ya rubuta wa kansa. Ta tambaye ni ko kina zane a ƙasa, na ce e. Kina dariya ke kaɗai? Na ce e. Na manta ni na faɗa mata haka da bakina tun shigowata. Ta ce in ƙona su duka da safe kafin rana ta yi tsaka, kada in bar ko guda, kada in gaya maki. Ta ce za ki yi kuka, za ki yi birgima, kada in tausaya, abin ne ke fita.

Balkisu, mutum biyu na tambaya. Ɗaya ya san Allah ya san littafi ya ce bai sani ba. Ɗaya ba ta san komi ba ta ce ta sani. Na bi ta biyun don ita ta faɗi abin da tsorona ke son ji. Can za ki haɗu da manyan masana, masu furfura da masu baki. Wanda kinka ji yana iya cewa ban sani ba, ki riƙe shi da kyau. Wanda ke da amsar komi tun ba ki gama tambaya ba, ki gaishe shi ki wuce.

Washegari kinka fita da sassafe. Na hura wuta, na ɗora kasko, na riƙa cusa su ɗaya-ɗaya ƙarƙashin mai. Takarda na da saurin ci. Ƙosan ranar nan da aikinki ya soyu, mutane sunka saya sunka ci suna cewa ya yi daɗi. Ina cusawa ina karanta duk addu'ar da na sani, ina jin ni uwa ce yau, na yi maki abin da ban taɓa yi maki ba. Wallahi haka na ji. Shi ya sa nike ce maki, abin da ba a iya mayarwa, kada ki yi shi ranar da kike jin tsoro. Da na ɗaure su na kai Maruda na sa a rumbu, da yanzu dariya muke yi. Kuma don Allah duk abin da kinka rubuta can, ki ɗauke shi hoto da waya, ki ajiye wuri biyu. Ba ni kaɗai ce mai murhu a duniya ba.

Da azahar kinka dawo, kinka ɗaga katifa. Ban taɓa jin ƙara irin wadda kinka yi ba. Kinka zazzage ɗaki, har tukunyar miya kinka leƙa. Kinka ce, "Adda, wa ya shigo?" Na ce, "Ban ga kowa ba." Kinka zauna a ƙasa kina cewa wata bakwai, wata bakwai. Ni ina tsaye bakin ƙofa ina cewa a raina, ga shi nan yana fita, yadda matar ta ce.

Sai kinka ce Rahila. Ita kaɗai ta san inda kike ajiye su, ita ke zuwa ku yi karatu bisa tabarma ɗaya, kuma ku biyu ke neman gurbi guda na tafiya karatu waje. Yarinyar Zuru da ke kawo min man shafawa in ƙafata ta tsage. Wadda in azumi ya zo, ko da ba addininta ba ne, ba ta cin komi a gabanki. Na ji da kunnena kin ce za ki same ta a aji. Na riƙe ludayi na yi shiru. Daga baya masu sayen ƙosai sunka ba ni labari, a gaban kowa kinka kira ta ɓarauniya. Na ce a raina ai ƙawa ce, za ku shirya, ran ɗiyata ya fi. Ba ku shirya ba. Ta daina biyowa ta ƙofarmu, ta koma zagayawa ta bayan masu walda.

Ke ma a nan kina da naki, ba zan ɓoye maki ba. Ba ki gani da idonki ba kinka faɗi sunan mutum cikin taro. Kada ki ƙara. Amma nawa ya ninka naki, don ke zato kinka yi, ni kuwa na sani.

Kinka sake aikin daga farko. Wata biyar. Gurbin shekarar nan ya wuce ki. Kinka ci gaba da zane a ƙasa, na ce asirin mai ƙarfi ne, na riƙa tofa maki addu'a a ruwan sha. Ban sake taɓa takardun ba don kin koma tafiya da su a jaka har ban-ɗaki.

Sai ranar da za ki tsaya gaban malamai ki kare aikin. Kinka ce in zo. Na sa atamfata ta salla, na zauna can baya kusa da ƙofa. Anka rage haske, anka haska bango da na'ura. Balkisu, sai ga shi. Gida-gida, da'ira, sawun kaza, maciji a tsaye, ƙato-ƙato a bango, a gaban manyan mutane masu rigunan kwat da manyan riguna. Na dafe kujera ina jiran wani ya yi salati. Ba wanda ya yi. Wani tsoho ma gyaɗa kai yake yi awa ana karanta masa wasiƙar gida. Ke kuma kina tsaye da sanda kina nuna gidajen ɗaya-ɗaya kina Turanci, muryarki ba ta rawa. Sunka yi maki tambayoyi, kinka amsa, sunka tafa. Kowa ya miƙe, ni ina zaune. Zufa ta jiƙa min zane har ƙasa. Wata mata ta ce, "Hajiya, murna ce?" Na ce murna ce.

A waje ƙarƙashin dalbejiya malaminki, Dakta, mai jan biron nan, ya zo ya gaishe ni. Ya ce, "Adda mai ƙosai, yau kin ga abin da ɗiyarki ke yi da ƙosanki." Na yi ƙarfin hali na ce, "Dakta, don Allah mene ne wanga abu? Ka faɗa min da Hausa."

Ya ce, "Kin taɓa tsallaka gonar gero a gicciye, bayan an yi huɗa?"

Na ce, "Da tulu a kai ma."

Ya ce, "To yaya kike taku?"

Na ce ai ƙafa ba ta da zaɓi. Ko ki taka kunya ɗaya-ɗaya, ko ki tsallake bibbiyu. In kinka ce za ki yi taku ɗaya da rabi, kin faɗi, tulu ya fashe.

Ya ce shi ke nan na gama digiri. Ya ce cikin gishiri, cikin ƙarfe, cikin farantin sola da ke bisa rufin masallaci, akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, a jere daidai wa daida awa kunyoyin gona, wannan awa wancan har iyaka. Akwai kuma wani ɗan abu da ya fi su ƙanƙanta, shi ke ɗauke da lantarki, yana ratsa su. Shi ma ba kowane ƙarfi yake iya tafiya da shi ba. Akwai ƙarfin da jerin ya yarda da shi, akwai wanda ya hana. Wanda anka hana shi ne giɓi. Ya ce gida-gidan nan hoton jerin ne, da'irar kuma ƙarfin ɗan abin, in ƙarfi ya ƙaru da'ira ta ƙara faɗi.

Na ce, "To in ya zo da gudu fa? Don na ga ɗan akuya in kare ya biyo shi, bai san an yi huɗa ba."

Dakta ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ki?" Ya ce ai tambayar ke nan da ta hana ki cin tuwo. Ya ce in hanya ɗaya tak gare shi, awa tururuwa bisa igiyar shanya, giɓin ba ya ƙarewa yawanci, sai dai ya yi ta sirancewa in ƙarfi na ƙaruwa. Amma in fili ne, yana iya yankewa ta kowace kusurwa, to akwai ƙarfin da in an wuce shi babu sauran giɓi ko ɗaya, abin da wannan kusurwa ta hana waccan ta ba da. Ya ce an san haka, amma daga ina daidai giɓin ke ƙarewa, wannan da wuya, kuma ke kin ƙididdige shi ga wani irin jeri da hannunki. Ya ce shi ne za ki je ki ci gaba da shi in Allah ya ba da gurbi.

A sama babu giɓi. Ashe abin da kike faɗi ke nan ranar da na duba sama na ga shirwa.

Na ce, "Dakta, ba ya cutar da mai yin sa?"

Ya ce, "Yana hana cin abinci dai. Na farkon da anka sace ma ya fi wannan tsabta, wallahi na yi baƙin ciki."

Kin ga inda ya kamata in yi magana. Ga Dakta, ga ki kina tahowa da murmushi. Na ce bari yau ranar farin ciki ce, gobe. Gobe ta zo na ce bari ki huta. Anka buɗe neman gurbi na ce bari kada in dagula maki lissafi. Gurbi ya fito na ce bari a gama murna. Shekara guda da wata uku ina cewa gobe. Ina soya ƙosai a murhun nan kullum, ina kallon duwatsunsa. Abincin da kike ganin ina turawa gefe, ba ciwon ciki ba ne yadda na ce maki. In kin yi wa wani laifi can, ki faɗa a ranar, ko da bakinki na rawa. Kwana ɗaya in ya hau kai, na biyu ya fi shi nauyi.

Makon jiya da na ce maki zan je sayen wake, Gwandu na tafi. Na ji Rahila na koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a can. Na jira ta bakin ƙofa har anka tashi. Ta fito da alli a hannun riga, ta rame. Ta gan ni ta tsaya, sannan ta durƙusa ta ce, "Mama, ina wuni. Ƙafar ta daina tsagewa?"

Na ce mu samu inuwa. Munka zauna a dakalin wani shago da ke rufe. Na fara magana ina in'ina, ban kai rabi ba ta ce, "Mama, na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta buɗe jakarta, ta fito da wani ƙaramin littafi, ta zaro guntun takarda daga tsakiya. Bai kai tafin hannu ba, gefensa baƙi. Ga sawun kaza a jiki, ga rabin sunanki. Ta ce a ranar da safe ta biyo sayen ƙosai, ina juya baya ina zuba mata, ta gan shi a gindin dutsen murhu. Ta ɗauka, ta zaci wanda kinka yar ne. Sai da kinka tsaya a aji kinka faɗi abin da kinka faɗi sannan ta gane.

Na ce, "Yana jakarki lokacin?"

Ta ce, "Yana jakata."

Na ce, "Me ya hana ki fito da shi, ɗiyar nan?"

Ta ce, "In fito da shi in ce me? In ce mata uwarki ce, a gaban aji? Inna ta rasu, babanta ya rasu, ke kaɗai kinka rage mata, kuma kwanan nan ta same ki. Ni ƙawa ce, ana yin wata." Sannan ta ce, "Kada ki ɗauka ban ji zafi ba, Mama. Na jira ki. Kullum ina cewa yau Mama za ta faɗa. Har na daina bi ta ƙofarku don kada in dube ki in raina ki."

Na tambaye ta maganar gurbi, don ni na zaci nema ta yi ba ta samu ba. Ta ce ita ta janye sunanta da kanta, don in ta samu za a ce da takardun sata ta samu. Ba ta sake nema ba.

Balkisu, na zaci a ɗakin nan mai na'ura na gama jin abin da zan ji a duniya. Ashe da saura. Yarinya ƙarama, ba danginmu ba, ba addininmu ba, ta ɗauki sunan ɓarauniya shekara biyu don ta rufa min asiri a wajen ɗiyata, ni kuwa ina can ina juya ƙosai. Na kama ƙafarta a bakin titi. Ta ce in tashi mutane na kallo, za a ce malama ta doki tsohuwa. Na ce ban tsufa ba. Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da hannun riga, alli ya shafe mata fuska.

Ta ce, "Ke na yafe maki, tsoro ne ya sa ki. Amma ba bakinki ne ya kira ni ɓarauniya ba."

Ban roƙe ta a madadinki ba. Ba nawa ba ne.

Jiya da kina kasuwa na je ofishin Dakta na faɗa masa komi. Ya cire tabarau ya riƙe kai. Sannan ya ce in Rahila ta yarda, shi zai rubuta mata takarda da hannunsa a nema na gaba, kuma zai tara 'yan ajinku da ke kusa ya faɗa masu gaskiya. Na ce ya faɗi sunana, kada ya ce wata mata.

Saura kwana uku. Na san akwai ɗinki, akwai sallama, akwai awon jaka. Ki bar su. Gobe da safe ki shiga motar Gwandu, ana tashin makarantar Rahila ƙarfe biyu, ki tsaya bakin ƙofa inda na tsaya. Kada ki aika saƙo ta waya, kada ki kai mata turmin zane. Ki je da bakin da ya faɗi waccan magana. In ta ƙi kallon ki, ki tsaya. In ta zage ki, ki tsaya. In kin isa can kuma, ki riƙa tambayar malamanki ko akwai wuri ga mai irin karatunku, don kan da ya zauna da ke bisa tabarma wata bakwai ba ƙaramin kai ba ne.

Sauran abin da uwa ke faɗi kin san shi. Ki riƙe salla ko rana ta ƙi fitowa. Ki ci abinci, lissafi ba ya gudu. Yajin na da citta da yawa saboda sanyi, daddawar na naɗe ta leda uku don kada Turawa su kore ki daga jirgi.

Daga Gwandu zuwa Maruda ba nisa, kin sani. Ina ɗakin Inna. In kin gama da Rahila, in zuciyarki ta ba ki, ki ƙaraso. In ba ta ba ki ba, ki wuce abinki, ba zan ce kin yi laifi ba, kuma ba zan rage ko kalma ɗaya cikin addu'ar da nike yi maki ba. Amma kada ki zo wajena ba ki je wajenta ba. In kinka fara da ni, zan mayar da ke.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. Ya buɗe maki abin da kike nema, ya tsare ki daga sharrin maƙiyi, ya tsare ki daga irin taimakon da na yi maki. Allah ya saka wa Rahila da abin da ni ba ni iya biya. Ya jiƙan Inna da babanki. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ce uwarki,
Hajaru